Ranar da Na Watsar da Albasar Yaya

Gidan namu ne mu uku: ni, da yayana, da ɗan baffanmu da ke aiki a Legas. Ɗaki biyu ne da baranda a kan tudu, a ƙauyenmu na bakin tafki, kudu da Yelwa. Yaya ya ba da fili da ƙarfinsa, mu biyun da ke cin albashi a birni muka kawo siminti da kwano. Da aka gama gini muka zauna gaban Inna muka raba shekara uku, wata huɗu-huɗu. Na Legas ya ɗauki lokacin sanyi, Yaya ya ɗauki bazara, ni kuwa na ɗauki damina saboda dogon hutun makaranta, tunda koyarwa nake yi a Kaduna. Sharaɗi ɗaya muka gindaya: idan lokacin wani ne, ko gidan zai yi wata huɗu a kulle, ba mai sa ƙafa sai da izininsa. Ni na kawo sharaɗin, ni kuma na fi kowa ɗaga murya a kansa.

A shekarun farko abin ya yi daɗi. Da Sallah nakan kai 'ya'yana mata biyu wurin wasan yara a Kaduna, su hau lilo mai juyawa da dokunan ƙarfe da ɗan jirgin ƙasan nan mai zagaye, su sha kankara har leɓensu ya yi ja. Da dogon hutu kuma mu tattara mu taho tafki mu yi mako ɗaya ko biyu, muna cin kifi muna kallon kwalekwale. Sai aka janye tallafin mai. Kuɗin keke zuwa wurin wasan ya tashi, tikitin shiga ya bi shi, ko kankarar ba ta tsaya a inda take ba. Na daina kai su. Da babbar, mai shekara tara, ta tambaye ni dalili, sai na ce ai lilon ƙarfe wasan 'yan birni ne da ba su da tafki, mu muna da gida a bakin ruwa, ta jira dogon hutu. Hutu ya zo, na je tasha na ji kuɗin mota na mutum huɗu, na dawo gida na kwanta. Shekara ta zagayo, haka aka sake yi. Ana cewa zumunta a ƙafa take, to ƙafar ta koma shan fetur.

A shekara ta uku na rantse sai mun je, ko da za mu ci tuwo ba miya har ƙarshen zango. Ƙaramar, mai shekara shida, ba ta ma tuna kamannin tafkin, labari kawai take ji a bakin yayarta. Ban kira kowa a gida na ce muna tafe ba. Sau biyu na ce ga ni nan ban zo ba, kunya ta hana ni faɗa na uku.

Ni mutum ne mai saurin hannu, ba na ɓoye wannan. Ranar da za mu taho kuwa tun daga tasha jinina ya fara tafasa. Na biya kujera huɗu cif, amma da aka zo lodi sai ɗan kamasho ya ce yaran su hau cinyarmu, zai sa manya biyu a wurinsu, wai mai ya ƙara tsada da safen nan. Na ce ba za su tashi ba. Ya miƙa hannu ya kama damtsen ƙaramar zai janyo ta waje. Ban san lokacin da na ɗauke shi da mari ba. Kafin in sauke hannu abokan aikinsa uku sun rufe ni, wani ya shaƙe min wuyan riga har maɓalli ya tsinke, wani ya sa min gwiwa a ciki. Da ƙyar fasinjoji suka raba mu. Muka bar tasha yaran suna kan cinyarmu duk da haka, leɓena a fashe, matata tana kallon taga. Har muka wuce Kontagora ina haɗiyar jini da baƙin ciki, ina faɗa wa kaina cewa da zarar na buɗe ƙofar gidan can komai ya wuce.

Mun sauka Yelwa da la'asar, hadari ya haɗu ta gabas. Babura biyu suka kai mu ƙauye. Inna ta yi murna har da hawaye, ta rungume jikokinta, ta dubi leɓena ta yi kamar ba ta gani ba. Da na tambayi makulli sai ta fara kame-kame: mu huta tukuna, mu sha fura, ai ga ɗaki nan a wurinta. Na ce ɗakina nake so. Ta ce makulli yana wurin Yaya, yana can gidan ma yanzu, amma don Allah in bari ta aika a kira shi. Ban tsaya ba. Na ɗauki jaka, na ce wa yaran su biyo ni su ga gidansu.

Tun daga gindin tudun wani wari ya tare mu. Da na hau baranda na leƙa, sai na ga babu gado, babu katifa, babu labulen da matata ta ɗinka. An cire murafun tagogi don iska ta ratsa. An kafa katakai an shimfiɗa zana hawa-hawa, kuma daga ƙasa har kusa da rufi albasa ce ja, ɗaki biyun duka. Yaya yana durƙushe a tsakiya yana juya ta ɗaya bayan ɗaya, yana fitar da wadda ta fara laushi.

Duk wanda ya tashi a bakin tafkin nan ya san abin da nake kallo. Ana cire albasa da bazara lokacin da ta cika kasuwa ba ta da daraja, mai haƙuri ya adana ta a inuwa mai iska har tsakiyar damina ta wuce, sannan ya sayar. Abu ɗaya ne ba ta so, ruwa. Yaya ya zuba ta a lokacinsa, da haƙƙinsa. Da watannina suka kama, ya duba ya ga shekara biyu ban zo ba, ya bar ta. Duk wannan na san shi a tsaye a wurin, ba daga baya na gane ba. Amma ƙaramar ta toshe hanci ta tambayi yayarta ko nan ne gidan da ya fi lilo, kuma wannan tambayar ita na ji, ban ji sannu da zuwan da Yaya yake yi mana ba.

Ya taso yana share hannu a riga, yana dariya, ya ce maraba da mutanen birni. Na tambaye shi watan wa ake ciki.

Ya ce, "Naka na, Auta. Ba ka aiko ba. Ka ba ni kwana ukku in samu wurin da ni ka maishe ta, ku zamna wajen Inna."

Na ce yau zan kwana a ɗakina, ba gobe ba.

Ya nuna sama. "Ka dubi hadarin ga. In ruwa ya taɓa ta, noman shekara ya tahi. Mi kaka so in ba ɗiyana?"

Na ce da ya tuna da 'ya'yansa sai ya tuna ni ma ina da su. Ya ce gidan da mutum ya yi shekara biyu bai leƙa ba, ko gara ta fi shi iko da shi, kuma wa nake tsammani yake toshe yoyon kwano yana korar jemagu duk wannan lokacin? Gaskiya ya faɗa, ita ce kuma ta ƙone ni. Na ajiye jaka, na kama bakin zanar da ke kusa da ƙofa na fizge. Albasa ta zube ta gangara baranda, ta bi tudu tana tsalle zuwa ruwa. A daidai lokacin aka fara yayyafi.

Ya riƙe min hannu, na ture shi. Na kama zana ta biyu, ya shaƙo ni ta baya, muka faɗa kan katakan, hawa guda ya rushe a kanmu. Yaya ya girme ni da shekara bakwai, amma mai tuƙa kwalekwale da noman fadama ba sa'an mai riƙe alli ba ne. Ya ɗaga ni ya maka da bango har na ga wuta. Ya danne ni, gwiwarsa a ƙirjina, yana cewa in dawo hankalina, in ji tsoron Allah. Bai doke ni ba, riƙe ni kawai yake yi, kuma wannan ya fi duka ciwo, a gaban matata da 'ya'yana, rana ɗaya sau biyu ana danne ni a ƙasa. Na cije shi a hannu har na ji gishirin jini. Ya sake ni. Na tashi na shiga kwasar albasa da hannu biyu, da kwando, da ƙafa, ina watsawa waje ta ƙofa da tagogi, ruwa kuwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya.

Ya fita cikin ruwan yana tarewa, yana cika riga yana kawowa baranda, ni ina sake shurarwa. Sai ya ɗauko filafilin kwalekwalensa da ke jingine ya tsaya a bakin ƙofa ya tokare ta, ya ce ba sauran ƙwaya ɗaya da za ta fita. Na kama filafilin, muka yi ta ja, muka zame a laka muka gangara tare har rabin tudu, albasa tana fashewa a ƙarƙashinmu. Ni na fara miƙewa, kuma filafilin yana hannuna. Matata tana ihu tana kiran maƙwabta. Yaya ya ɗago hannun dama don ya kare kansa, na sauke masa da dukan ƙarfina. Na ji ƙarar ƙashin duk da rugugin ruwan. Bai yi kuka ba. Ya zauna a cikin laka ya rungume hannun, yana kallona kamar bai taɓa ganina ba.

Maƙwabta suka kai shi wurin maɗori. Inna ta zo cikin ruwan ba mayafi, ta tsaya ta dubi tudun da ya yi ja da albasa, ta dube ni, ta ce, "Ka samu ɗakinka. Shiga." Ta juya ta tafi.

Na shiga kuwa, don taurin kai bai bar ni in yi wani abu ba. Na share ɗaki ɗaya, na aro tabarmi, muka zauna. Ruwa ya yi kwana biyu yana zuba. A rana ta uku albasar da ke waje ta fara ruɓewa, ƙudaje suka taru, warin ya hana mu cin kifin da na saya. Daga baranda muna ganin Yaya, hannu ɗaure da karare a rataye a wuya, shi da matarsa suna bin tudu suna tsintar wadda za ta tsira, suna shanyawa a kan buhu. Bai ɗago kai ya dubi gidan ba ko sau ɗaya. Na so in sauka in taya su, na kasa. Kunya nake ji irin wadda ban taɓa ji ba, kuma har lokacin da sauran fushi a cikina, ban san da wa ba.

A rana ta huɗu gari ya washe. Na ce ko ta halin ƙaƙa sai yaran nan sun ga abin da na kawo su gani. Na riƙo su muka bi ta bayan gida don kada mu haɗu da kowa, muka sauka bakin tafki. Ruwa ya kwanta lumui, masunta suna dawowa, can nesa wani babban jirgin kasuwa ya taso daga tsallake cike da mutane da buhuna da awaki. Raina ya ɗan yi sanyi. Ƙaramar tana tsaye kusa da ƙafata, na ɗaga hannu da sauri don in nuna mata jirgin kafin ya sha kwana.

Sai ta durƙushe ta rufe kanta da hannu biyu.

Ban taɓa dukan yarinyar nan ba tun da aka haife ta, ko da tsinke. Na tsaya hannuna a sama, na rasa yadda zan sauke shi. Yayarta ta zo ta ɗaga ta, ta kakkaɓe mata yashi a gwiwa, sannan ta tambaye ni a hankali, cikin ladabi, ko zan bar su su koma wurin Inna har ranar tafiya.