Iskar Kawu Hamza

Old Trafford

Ƙarfe biyar da minti arba'in na asubahin Lahadi na sauko da kekena daga hawa na biyu, ina lallaɓawa kada ya bugi bango yara su farka. Idris, maƙwabcina mai tuƙa motar kai kaya, yana jira a ƙasa. Bikin suna za shi Birmingham, ya yarda ya rage mini hanya. Ya dubi keken, ya ce duk faɗin Ingila na rasa abin yi sai wasa da taɓo kamar agwagwa. Na loda kekena kawai, motarsa ce.

Tseren keke ne zai kai ni can. Ga wanda bai san wannan tsere ba: fili ne mai ciyawa da laka, a yi ta zagaye shi minti arba'in, in an zo shinge a sauka a saɓa keke a kafaɗa. Nawa giya ɗaya gare shi, irin wanda muka tashi da shi a gida. Sirrin abin yana taya: ana rage mata iska ta yi laushi don ta kama laka. Tun jiya na auna tawa daidai.

Da rana ina ɗakin bincike a Oxford Road, da yamma ina aikin kula da tsofaffi. Duk atisayena minti arba'in ne, Talata da Alhamis, kafin kai yara makaranta. Matata Hajara ta bar aikinta na Lahadi har sau shida don in je tsere, da sharaɗin in ban shiga cikin ashirin na farko ko sau ɗaya ba, in haƙura da abin gaba ɗaya. Na fara da na talatin da ɗaya, na baya-bayan nan na zo na ashirin da uku. Yau ce ta shida.

Hanya

Mil tamanin da 'yan kai ne. Babu shingen 'yan sanda, sai kyamarorin kama masu gudu da ke sa Idris zagin wanda ya ƙirƙiro su. Shida da rabi muka tsaya a wani wurin hutawa, muka yi salla a kan kwali a gefen mota, sanyi na cizon goshi. Shayi kofi ɗaya fam uku da rabi, kuma ruwan zafi ne kawai da aka nuna wa ganye.

Aston

Takwas da minti goma Idris ya sauke ni a ƙofar Kawu Hamza, ƙanin mahaifiyar Hajara. Ba yadda za a yi in shigo garin in wuce ban gaishe shi ba, da labari ya isa Kano kafin in koma gida. Dattijo ne mai kirki, kuma kafin ya zo ƙasar nan rumfar facin keke gare shi a bakin kasuwa. Ya karɓi keken da hannunsa ya kai bayan gida.

Na yi niyyar minti ashirin. Aka kawo koko da ƙosai, aka kawo waina, aka kira maƙwabta biyu su ga surukin gida. Kawu ya fita ya jima, ya dawo yana goge hannu da tsumma yana murmushi. Da na ce zan kira tasi sai ya ɓata rai.

"Taxi kuma ina raye? Ni zan kai ka, ten minutes ne kawai."

Sai goma da rabi muka fita, kuma Kawu tuƙi yake kamar ya ɗauko ƙwai.

Filin tsere

Mun isa sha ɗaya saura minti bakwai, tashi kuma sha ɗaya. Na ruga na sa hannu, na maƙala lamba a riga, Kawu ya turo mini keken har bakin layi. Ko zagayen gwaji ban samu ba. Aka hura usur.

Na fita da kyau, na ƙirga mutum goma sha biyar kacal a gabana, har zuciyata ta fara rawa. Kwanar farko keken ya zame ya kwantar da ni. Na tashi, kwana ta uku ya sake. Na danna taya da babban yatsa, na ji ta kamar dutse. Nan take na gane abin da Kawu ya fita yi a bayan gida. Duk Bahaushen da ya san keke, in ya danna taya ya ji laushi, famfo zai nema.

Na durƙusa cikin laka ina sace iska da yatsun da sanyi ya kashe, mutane na wuce ni ɗaya bayan ɗaya. Garin sauri na sace ta wuce kima. A zagaye na huɗu na hau saiwar bishiya, tayar baya ta fashe. Masu hali suna da keke na biyu a gefe, ni kuwa sai ƙafa. Na saɓa shi na yi gudu da shi har ƙarshe, wainar Kawu tana hawa tana sauka a ƙirjina. Na talatin da takwas na zo, cikin mutum arba'in da ɗaya.

Kawu yana bakin igiya da lema, takalminsa na Juma'a ya sha taɓo saboda ni.

"Sannu, ɗana. Ka ga Allah ya taimake ka na duba keken nan. Tayoyin duka biyu flat suke. Da ban ba su iska ba, da ko tashi ba ka yi ba."

Na dubi furfurarsa. Maganar ta zo har bakina, na haɗiye ta da ɗacinta.

"Na gode, Kawu. Allah ya ƙara girma."

Komowa

Idris ya ɗauke ni ƙarfe huɗu. Da na ba shi labari ya yi dariya har ya kusa barin layinsa, daga baya ya ce in faɗa wa Hajara gaskiya, ƙila ta ƙara mini Lahadi ɗaya. Na juya abin tun daga nan har Manchester. In ce kawunta ne ya kayar da ni? Mutumin da ya riƙe ta tana ƙarama? Kuma ko na faɗa, kowa zai ce na sha kaye ne ina neman wanda zan ɗora wa.

Shida da kwata na shiga gida. Hajara ta dubi lakar da ke jikina, ta tambayi na nawa na zo, na faɗa. Ba ta yi murna ba, na shaida mata wannan, amma ba ta ce a sake ba. Ta ce Kawu ya bugo, ya ba ta labarin gyaran da ya yi mini, ya kamata in kira in sake godiya tunda babba ne. Na kira, na sake.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Na gode wa Idris da motarsa, na gode wa Hajara da Lahadinta shida, na gode wa Kawu sau na uku. Ranar Lahadi mai zuwa ni ke da yara.