Ƙasar da Ta Yi Hijira Zuwa Gonar Yaya Sale

Bana shekara ashirin da ɗaya ke nan da rasuwar yayana, Sale mai haƙar rijiya, Allah Ya jiƙansa. Na saba in bar ranar ta wuce da addu'a da 'yar sadaka, don shi mutum ne da ko yana raye ba ya son a yi ta maganarsa. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami bana shi ne ɗansa Auwalu, wanda ya gaji gonarsa a ƙauyenmu, arewa da Ɗanbatta. Makon jiya ya zo ya gaishe ni, ya ce yana so ya tumɓuke sabara da kalgon da ke cikin gonar, don mai tarakta ya ce ba zai shigar da motarsa cikin kututture ba. Shawara ya zo nema wurin Baffansa mai ilimi. Da ya san abin da ilimin nan ya taɓa yi wa gona, da wata ƙofar ya nufa.

Ni malamin makaranta ne, na shekara talatin da wani abu ina koyar da labarin ƙasa. Yaya Sale bai taɓa zama a benci ba. Allo ya yi, ya sauke, ya kama sana'ar rijiya. Ni na san ƙasa a kan taswira, shi kuwa ya san ta daga ciki, gaba goma sha biyar ƙarƙashin takalmina. Ticha yake ce mini, kuma yadda yake faɗin kalmar ba a rasa ɗan barkono a ciki.

A shekarun farin nan da suka ƙarar da shanu, suka cika hanyar Kano da mutanen arewa masu neman abin kaiwa baki, rijiyar masallacinmu ta ƙafe ƙaf. Dattawa suka sa shi ya haƙa sabuwa a kwarin da ke bayan gari. Wata rana da hantsi ya aiko a kira ni. Na tarar ya fito daga ramin, jikinsa buɗu-buɗu, ya jera tulin ƙasa huɗu a gefe, kowanne daban.

"Ticha, zo ka karanta mana wannan, tunda kai ne mai karatu."

Na farko ƙasar noma ce da kowa ya sani. Na biyu farin rairayi. Na uku baƙar laka ce mai wari, cike da katantanwa da ƙayar kifi. Na huɗu, wanda ya fi zurfi, jan yashi ne mai laushi kamar garin tuwo, ko tsakuwa ɗaya babu a ciki.

"Kifi fa," ya ce, "a garin da yau jaki ke kuka don ƙishi. Ko kakanninmu ne suka ci suka binne ƙayar gaba shida, don kada maƙwabta su gani?"

Na gyara tsayuwa kamar ina gaban aji. Na ce masa masana sun rubuta cewa dubban shekaru da suka wuce an yi wani fari da namu bai kai ƙafarsa ba, har hamada ta gangaro ta kwanta a inda muke tsaye, kuma jan yashin nan ragowarta ne. Daga baya ruwa ya dawo, har a tsakiyar Sahara aka yi tafkuna da dorina da makiyaya, a lokacin ne kifin nan ya yi iyo a kwarinmu. Sannan aka sake bushewa. Na ƙara da cewa wani kaso mai yawa na ƙasar da muke nomawa iska ce ta yi ta sauke ta kaɗan-kaɗan, ƙura a kan ƙura, tun kafin a san wani gari wai shi Kano.

Ya murza jan yashin a tafinsa.

"Wato ƙasar nan da muke zuwa gaban dagaci a kan iyakarta, baƙuwa ce."

"Baƙuwa ce, Yaya, amma ta daɗe."

"Wadda ta kawo ta tana nan?"

"Iska? Tana nan mana."

"To ai shi ke nan," ya ce, ya kama igiya ya koma rami.

Ni na ba da darasin, shi ya fahimce shi. Wannan ne abin da ya ɗauke ni shekaru kafin in yarda da shi.

Bayan rasuwar mahaifinmu an raba gonar gado biyu, ni gabas, shi yamma. A lokacin an kawo garmar shanu, malamin gona yana yawo a kan babur yana wa'azin gona mai tsabta: a tumɓuke kututture, a kwashe kara, a ja kunya miƙe kamar layin littafi. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana dukan yara a kan karkataccen rubutu, ina zai ƙi wannan? Na sa aka share tawa tas, aka tone saiwar sabara, aka ƙone. Mutanen gari suka yi ta zuwa kallo, suna cewa ga gonar ɗan boko. Da yawa suka kwaikwaya, kuma alhakin wannan ma yana wuyana.

Yaya Sale ya ƙi. Sabararsa sai dai ya sassabe ta a bar kututturen ya sake tohowa, karan gero kuma ya kwantar da rabinsa a gona ya bar shi ya sha rani a nan, alhali kowa na kwashe nasa don danga da girki. Aka ce lalaci ne. Ni da kaina na ce masa gonarsa ta yi kama da kan da bai ga aski ba tun salla. Ya ce, "Ticha, bar ni da gashina, rana ake yi."

Duk manomin arewacin Kano ya san iskar da ke riga hadarin farko isowa, wadda ke tasowa daga gabas tana jan yashi a ƙasa kamar ana sharar tsakar gida. A waɗancan shekarun hadarin yakan tsaya a alkawari, iskar ce kaɗai ke cikawa. Geron da na shuka ya tsiro kamar tsawon yatsa, yashi ya yanke shi, ya binne sauran. Na sake shuka, aka maimaita. A shekara ta biyu sau uku na yi, har irin ya ƙare, na shiga gidan Yaya ina kame-kame. Bai bari na gama jimlar ba, ya ɗebo mini daga rumbu. Ko kalma ɗaya bai faɗa ba, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ƙasar da ta tashi daga gonata ba ta yi nisa ba. Sabararsa da karansa suka tare ta, ta kwanta a can. Shekara bayan shekara iyakarmu ta zama matakala: wanda ya fito daga tawa zai shiga tasa sai ya ɗaga ƙafa. Sau ɗaya kawai ya taɓa tsokanata a kai. Muna tsaye a wurin ya ce, "Ka ga amanarka nan, ina ajiye maka. Ranar da ka tanadar mata wurin zama, ka zo ka ɗauka."

Ina yawan tambayar kaina me zai ce da ya ga yau. Rijiyar da ya haƙa ta daɗe da ƙafewa, an rufe bakinta da langa-langa, ana layi a burtsatse. Gawon da ke hanyar kasuwa an sare shi, itacensa ya tafi gidan burodi. Kara ya zama kaya, ana loda shi a mota a kai wa masu kiwo, babu mai barin ko tsinke a gona. Damina kuma ta koyi zuwa a makare ta zubar da na wata guda a yini ɗaya. A rediyo ana ta cewa hamada na tahowa, kamar wata runduna ce da za a hango ƙurarta daga Daura. Ina jin da zai yi dariyar nan tasa ta hanci, ya ce ba tahowa za ta yi ba, tana kwance a ƙarƙashinmu, mayafi kawai aka lulluɓa mata, mu kuma muna ta jan mayafin.

Duk wannan na faɗa wa Auwalu, har da abin da ban taɓa faɗa wa ɗalibaina ba. Ya saurara da ladabi, sannan ya ce, "Baffa, na ji. Amma baki tara nake ciyarwa, 'yan ƙwadago sun fi ƙarfina, bayana kuma ya fara ciwo. Tarakta yini ɗaya za ta yi abin da nake wata ina yi. Hamadar nan ta dubban shekaru, ni kuma yarana gobe za su ci."

Gaskiya ya faɗa. Mahaifinsa ma bai taɓa cewa hanyarsa mai sauƙi ce ba. Sai na ce masa ga tawa gonar, babu kututture ko ɗaya, na riga na yi wa tarakta aikinta tun kafin a haife shi. Na ce ya shigar da motar can, ya zuba taki, duk abin da ya samu nasa ne. Ta mahaifinsa kuwa ya bar ta yadda take, ya noma ta da hannu gwargwadon ƙarfinsa.

Ya sunkuyar da kai, yana ƙoƙarin ɓoye murmushi. "Baffa, gonarka ai ko akuya ba ta tsayawa a cikinta."

Na ce na sani, ni na yi mata tarbiyya.

Ya juya hularsa a hannu, sannan ya ce, "To, bana dai."

Mutane kan bar gida ko suna ko littafi. Yaya Sale ya bar kamu guda na ƙasa mai rai a kan jan yashi, ya tara shi ƙwaya-ƙwaya cikin shekarun da kowa ke asarar tasa, kuma gatari zai iya sallamar da shi cikin sati. Ban san abin da Auwalu zai yanke baɗi ba, ban kuma san ko ina nan ba. Abin da karatuna duka ya iya samo wa yayana ke nan bayan shekara ashirin da ɗaya: damina ɗaya. Allah Ya kai haske kabarinsa, Ya kawo ruwan kafin iskar.