Kunun Rabi da Azumin Kafinta

A unguwarmu a Kalgo, idan yaro ya ture kwanon tuwo, tsofaffi kan ce masa, "Allah shi gama ka da Rabi." Yaran yanzu sun ɗauka wata dodanniya ce. Ba su yi kuskure sosai ba.

Rabi 'yar Kambaza ce ta ƙasar Gwandu, aure ya kawo ta Kalgo tun kafin Turawa su fara zama a Birnin Kebbi. Mijinta Lukuman masunci ne, kuma fataken busasshen kifi a zaurensa suke sauka. Bawan Allah ne siriri mai shiru-shiru, wanda ya ƙare rayuwarsa yana ce wa matarsa ya ƙoshi, ba a taɓa yarda da shi ba. Da ya rasu ya bar mata gida da zaure da baƙi. 'Ya'ya kam ba su tsaya mata ba. Ta haifa ta binne, ta haifa ta binne, har haihuwar ta ɗauke.

Karatun Rabi ba shi da yawa, amma ta riƙe shi gam: duk abin da ke damun ɗan Adam yunwa ce. Ciwon kai yunwa. Faɗa da miji yunwa. Wanda ya mutu kuwa, a ganinta, masu jinyarsa ne suka yi sakaci da ludayi. Idan ka shiga gidanta ka ce ka ci abinci a gida, ka zage ta. Idan ka cinye, ta ƙaro. Idan ka rage, ta zauna ta tsare ka da ido har ka tuba.

Lokacin da ake gyaran hanyar da ta ratsa Kalgo, aka zo da wasu ma'aikata daga can kudu, wajen Lakwaja, 'yan Katolika. Ba su cika yatsun hannu biyu ba. Mutanen garinmu, waɗanda kowa ya san su da son baƙi, nan take kowa ya tuna ɗakinsa yana yoyo. Mai gari ya tura su gidan Rabi. Ita abu ɗaya ta tambaya, ko addininsu ya hana cin tuwo. Aka ce a'a. Ta ce a shimfiɗa musu tabarma.

Babbansu kafinta ne, Yusufu, dattijo baƙi gajere mai yawan murmushi. Sai Antoni, mai dafa wa Turawa masu wucewa abinci a bariki, da wani mai gyaran wayar tangaraho, da leburori. Aikin hanya ya ƙare, wasu suka tafi, Yusufu ya zauna, saboda ƙofofin bariki da gadoji ba sa rabuwa da gyara. Yana ce mata Inna, tana ce masa Kahinta.

Cocinsu kaf shi ne zauren Rabi. Ran Lahadi da safe Yusufu zai share shi, ya shimfiɗa farin ƙyalle a kan akwatin kayan aikinsa, ya ɗora gicciyen da ya sassaƙa da hannunsa da wani hoton Maryamu da hayaƙi ya dafa. Su durƙusa, ya karanta musu addu'o'i, su yi waƙa, su ja carbi. A gefe akwai kujerar da ya yi wa Fada, wato limaminsu, ba mai zama a kanta, don Fada mafi kusa yana nisan tafiyar makonni. Rabi takan tsaya daga ƙofar cikin gida da ƙwaryar fura a hannu tana jiran su gama. Ta ce ita dai ba ta taɓa ganin sallar da ba alwala ba alƙibla ba, ga waƙa, ga kuma liman da kujerarsa ta fi shi zuwa masallaci.

Wani maƙwabcinta mai yawan wa'azi ya zo ya ja mata kunne kan abin da ake yi a zaurenta. Ta saurare shi tsaf, ta ajiye masa tuwon shinkafa da miyar kifi. Ya ci, ta ƙara, ya ci. Daga ranar wa'azinsa ya koma kan masu tauye mudu.

Abin da ya fara haɗa ta rigima da baƙinta nama ne. Ran Juma'a, ranar da mahauta ke yanka mai kyau, ranar ce su ba sa cin nama. Sukan sayi rabonsu su ce a kai wa marasa hali. To, marasa halin Kalgo ba wawaye ba ne. Mutum ya sayi nama ya ƙi ci ya ce kai ka ci? Wata makauniya ta shinshina ta ce a mayar, ita ba ta gaji da duniya ba. Sai da Rabi ta karɓi aikin. Ita ke zuwa wurin mahauci, ita ke dafawa a tukunyarta, ita ke ɗanɗanawa a gaban kowa. Daga nan naman ya halatta.

Haka zagayen Lahadi ya samo asali. Bayan addu'a sukan bi gidajen tsofaffi da kutare da majinyata, Rabi a gaba tana sallama, su a baya ɗauke da ƙore. Yusufu yana lura da ƙyauren da ya karye da gadon da ya zube, cikin mako ya dawo ya gyara kyauta. Godiya kuwa Rabi ake yi wa, ita ma tana karɓa ba tare da wata kunya ba. A shekarar annobar murar nan da ake ce wa marisuwa, da mutane suka rufe ƙofa kowa yana ta kansa, su ne ke ɗiban ruwa suna kai wa gidajen da ba mai iya tashi. Yusufu ya kamu, ya tashi, amma ƙirjinsa bai koma daidai ba.

Akwai abu ɗaya da ke cin ransa, kuma duk gidan an sani. Tun barinsa gida bai karɓi jibi ba, wata gurasa mai tsarki da Fada kaɗai ke bayarwa. Tsoronsa kada ya mutu bai sake karɓa ba. Rabi ta tambaye shi girmanta. Ya haɗa yatsa biyu ya nuna mata.

"Wagga 'yar aba ce kaka kuka a kai shekara da shekaru?" in ji ta. "Ko ɗan tsako ba ta ƙosarwa. Bari in toya maka waina, ka yi addu'arka bisa."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Inna, ba ta ciki ba ce."

Rabi ta bar maganar, amma ta ƙara tabbata cewa mutanen nan yunwa ce ke damunsu.

Wata kaka tarin ya kwantar da shi. Kwana kaɗan da kwanciyarsa mai gyaran waya ya zo da labari: wani Fada zai bi ta Kalgo kan hanyarsa ta zuwa Yawuri, zai kwana a bariki ran Asabar, ya yi musu sallar Lahadi, ya wuce. Yusufu ya sa aka wanke masa fararen kayansa, aka goge kujerar nan. Ran Asabar da yamma Antoni ya sami Rabi a madafa ya ce mata, "Inna, gobe Yusufu yana azumi kafin jibi. Kada a ba shi komai."

"Ni za ka koya ma azumi?" ta ce. "Ina azumi tun ba a haihi uwarka ba."

Gaskiya ta faɗa. Ta san azumi ciki da waje, kuma ta san ba a barin majinyaci ya ɗauke shi da ciki wayam. Antoni bai ce mata daga yaushe azumin ke farawa ba, don a wurinsu ko yaro ya sani. Ita ma ba ta tambaya ba, don a wurinmu ko yaro ya sani. Kafin kiran assalatu ta tashi ta dama kunun tsamiya, ta tallafo kan Yusufu, zazzaɓi ya rufe masa ido bai san inda yake ba, ta ɗura masa har ya haɗiye. Ta koma ta yi sallarta da zuciya fes.

Da hantsi Fada ya iso, wani Bature dogo da rana ta gasa ya yi ja wur. Ya zauna a kujerar da ta daɗe tana jiransa, ta yi ƙara amma ta riƙe shi. Rabi ta gaishe shi, sannan ta sanar da jama'a aikin alherin da ta yi.

"Kada ku damu da Kahinta, shina iya kai har marece. Na yi mai sahur da kyau, ludayi bisa ludayi."

Antoni ya dafa bango. Daga cikin ɗaki aka ji wani sauti, Yusufu ne ya juya fuskarsa ga bango yana kuka kamar yaro. Da ƙyar Antoni ya iya yi mata bayani: azuminsu daga tsakar dare yake farawa, ko ɗigon ruwa ya wuce maƙogwaro, babu jibi a ranar.

"Wane irin azumi na wanga da ba sahur?" Rabi ta ce, amma muryarta ta yi sanyi. "To, Hwada shi ƙara kwana, gobe a sake."

Ba zai yiwu ba. Jirgin ruwan da zai ɗauke shi a Yawuri ba ya jiran kowa, ruwa kuma yana janyewa. Sake zuwan wani Fada kuwa sai abin da Allah ya yi. Rabi ta zauna a kan turmi. Tausayin mutumin da haushin kanta suka taru suka rufe ta.

Fada ya shiga wurin Yusufu shi kaɗai. Ya daɗe. Ya saurari laifuffukansa kamar yadda suke yi, ya kara kunne a ƙirjinsa, ya dubi tsumman da yake tari a ciki. Da ya fito ya yi wa Antoni magana a hankali, Antoni ya juyo ya ce za a ba Yusufu jibin.

Rabi ta miƙe ta rangaɗa guɗar da aka ji har bakin gulbi. "Kun gani! Ni dai na san kunu bai taɓa ɓata ma kowa ibada ba." Aka yi salla a zaure, Fada ya shiga da 'yar gurasar ya ɗora wa Yusufu a harshe, ya shafa masa wani mai a ido da kunne da hannuwa. Rabi tana leƙe, ta tabbatar gurasar ba ta ma kai yadda aka kwatanta mata ba. Ta cika wa Fada ƙwarya da fura, ta tsare shi har ya shanye, ta leƙa maƙwabta ta ba da labarin yadda Bature da kansa ya yarda da sahur.

Da ta dawo Fada ya hau dokinsa ya kama hanya. Ta tarar da Antoni yana naɗe farin ƙyallen nan, hawaye na zuba masa. Sauran ma kowa ya sunkuyar da kai.

"Ku kuma mi ya samu? An ba shi abin da shika so, kuna ta ɓata rai."

"Inna," in ji Antoni, "ba a ɗauke wa kowa wannan azumi sai wanda Fada ya ga ba zai tashi ba. Man da ya shafa masa ma na masu mutuwa ne."

Kakata Zulai, wadda gidansu ke kallon na Rabi, ta ce ba ta taɓa ganin mace mai jiki irin nata ta yi gudu haka ba. Ba mayafi, ba takalmi. Ta cim ma Fada a bayan gari, ta cafke linzamin dokin, masu ɗaukar kaya suka tsaya suna kallo.

"Ka koma ka hana shi!" take cewa tana haki. "Laihina na, ni na ba shi kunu, kuma da yawa na ba shi. Azumin ya ɓaci, kowa ya shaida. Ka ce bai cancanta ba, shi jira wani Hwada, ko shekara nawa ta. Shina iya jira, na san shi. Ni nika ba shi abinci."

Hausar Fada ba ta da yawa, amma ya gane. Ya sauko daga doki, ya tsaya a gabanta ya cire hularsa.

"Inna," ya ce, "an riga an ba shi."

Ta riƙe linzamin wani ɗan lokaci, sannan ta saki.

Yusufu bai kai wata Lahadin ba. Amma a ranar, da Rabi ta dawo gida ƙafafunta duk ƙaya, ta same shi a jingine da bango cikin fararen kayansa, fuskarsa a sake kamar wanda aka sauke wa kaya. Ya ga idonta, ya san an gaya mata.

"Inna," ya ce, "akwai sauran kunun nan?"

Duk tsawon rayuwarta ba wanda ya taɓa roƙonta ƙari sai shi. Ta shiga madafa ta dama sabo, ta kawo, ta zauna kusa da shi. Ya kurɓi ludayi ɗaya, ya kurɓi rabin na biyu, ya ce ya ƙoshi. Rabi ta karɓi ludayin ta rufe ƙwaryar da faifai, ba ta ce masa ya ƙara ba.