Malam Labbo da Ƙwayoyin Gero Biyu

Kafin mai shayin bakin tashar motar Tsafe ya gama hura wuta, Malam Labbo ya riga ya buɗe rumfarsa ta gyaran rediyo. Zai share gabanta, ya jawo wayar da ya ɗaura a reshen darbejiya ya naɗa ta a jikin eriyar tsohon rediyonsa, ya sa ƙarfen dalma a cikin garwashi, sannan ya zauna ya fara murɗawa. Daga mita arba'in da tara yake farawa, ya bi ta talatin da ɗaya, in rana ta ɗaga ya koma sha tara da sha shida. Duk tashar da ya tarar ta gusa daga inda ya bar ta jiya, sai ya rubuta a wani littafi mai baƙin bango. Shekara talatin da takwas ke nan yana haka, kuma a ƙarshen watan nan zai rufe rumfar.

Mu masu sauraron gajeren zango mutane ne masu gardama, ban ɓoye ba, kuma ni ne kan gaba. Muna da 'yar ƙungiya da ta haɗa mutanen Gusau da Tsafe da Bungudu, muna haɗuwa a rumfarsa sau ɗaya a wata. Ni dai a wurina babu kamar mita sha tara da rana tsaka, murya takan fito tas kamar mai karatun yana zaune a zaurenka. Alhaji Bashar na Bungudu kuwa ya rantse ya maya cewa arba'in da ɗaya ce uwar mitoci, alhali rabin abin da yake ji a can ƙugi ne, sauran rabin kuma shi ke ƙarasawa da bakinsa. Sai mu yi ta yi har shayi ya huce. Malam Labbo ba ya shiga. In mun matsa masa sai ya ce, "Duk mitar da tsohuwa ta iya samu ita kaɗai, ba ta kira kowa ba, ita ce tawa." Da farko na ɗauka gudun gardama ne kawai.

Ashe aikinsa ke nan. Mafi yawan masu kawo masa gyara manoma ne daga Kucheri da 'Yankuzo da ƙauyukan bayansu, kuma lambobin da ke fuskar rediyo ba su dame su ba. Saboda haka in ya gama gyara sai ya tambayi mutum tashar da yake so, ya nemo masa ita, ya ɗiga jan farce a kan gilashin daidai inda allura ta tsaya. Wanda idonsa ya tafi kuma, ɗigon ja ba zai yi masa rana ba. Shi sai ya liƙa masa ƙwayar gero ɗaya da gam a gefen abin murɗawa, ɗaya a jikin akwatin. A murɗa har ƙarshe, a dawo zagaye biyu, inda yatsa ya ji ƙwayoyin nan sun haɗu, to nan tasha take. Ban taɓa ganin wani ya yi wannan dabara ba, kuma bai taɓa kiran ta dabara ba.

Sai dai akwai abin da mai gero ba ya sani. Tashoshin ƙasashen waje sukan sauya mita sau biyu a shekara, wajen ƙarshen Maris da ƙarshen Oktoba. Mai iya karatu ya ji sanarwa ya bi. Mai gero kuwa ya wayi gari ya haɗa ƙwayoyinsa ya ji shuuu, ya ɗauka rediyo ya mutu. Shi ya sa a bayan littafin nan Malam Labbo ya jera sunayen duk waɗanda ya liƙa wa gero, su goma sha huɗu a yanzu, kuma duk lokacin sauyi yakan bi su gida gida ya gusa musu ƙwayar.

Kai ne mai bin tasha in ta yi ƙaura, Malam Labbo, ka kamo ta ka mayar wa masu ita. Mu muna rumfarka muna musun wace mita ta fi, kai kana ƙirga mutum nawa suka kwana ba su ji komai ba.

Labarin da ya sa na ɗauki alƙalami ya faru ne a shekarar da aka katse layukan waya a jiharmu saboda rashin tsaro. Wanda ya zauna a nan lokacin ya san yadda aka yi: waya ta zama fitila kawai, kasuwannin mako a rufe, ɗan'uwanka yana nesa ba ka san ko yana raye ba. Hajara ce ta ba ni labarin, matar ɗan Inna Saude ta Kucheri, don a gabanta aka yi komai.

Inna Saude tsohuwa ce da yanar ido ta rufe wa gani. 'Yarta Murja tana aure a Agadas, ta haihu sau biyu ba su zo da rai ba, ga shi tana ɗauke da na uku, watan haihuwa ya kama. A wayar ƙarshe da suka yi kafin a katse layi, mijin Murja, Mannir, ya ce wa surukarsa kada ta damu, in ya nemi layinsu bai samu ba, ranar da Murja ta sauka zai aika saƙo ga tashar da take saurare da rana, a karanta a filin saƙonnin masu saurare, kuma zai yi ta aikawa kullum har sai an karanta. Tun daga ranar Inna Saude ba ta ƙara barin shirin ya wuce ta ba. Da an yi azahar za ta jawo rediyo, ta laluba gero, ta kafa kunne.

Ranar Lahadin ƙarshen Oktoba ta haɗa ƙwayoyinta, ba ta ji komai ba sai ƙugi. Aka sauya batir, ƙugi. Ɗanta ya murɗa nan ya murɗa can, ya faɗa kan masu Larabci da masu wani yaren da ba wanda ya sani, ya gaji ya ajiye. Hajara ta ce kwana huɗu tsohuwar nan ba ta ci abin kirki ba. Ba ta kuka, sai dai ta zauna da rediyon a cinya tana shafa geron, tana cewa, "Wataƙila yanzu haka ana kiran sunana, ni ko ban jiya ba."

A rana ta biyar sai ga Malam Labbo da kekensa, ya yi sallama, ƙafa duk ƙura. Ba wanda ya aika masa, ina ma hanyar aikawa? Littafinsa ne ya kawo shi, ita ce ta tara a jeri. Hanyar nan kuwa a lokacin masu mota ma da addu'a suke bin ta. Inna Saude na jin muryarsa ta ce, "Labbo, kai ne? Wanga abu naka ya mace mani."

Ya ce, "Bai mutu ba, Inna, tashi suka yi. Yanzu mu bi sawunsu."

Ya duba littafi, ya kai allura kusa da inda ya rubuta. Sai Hajara ta ga wani abu da ya ba ta mamaki. Maimakon ya kara rediyon a kunnensa yadda ya saba, sai ya ɗora shi a kafaɗar tsohuwar, ya ce, "Inna, ni in murɗa, ke ki saurara. In kin ji Hausa ta fito sarai ki ce in tsaya." Yana murɗawa a hankali, idonsa a kan fuskarta, har ta ɗaga hannu ta ce, "Tsaya nan! Koma kaɗan. Yawwa, su ne!" Ya ɓanɓare ƙwayar jikin akwatin, ya liƙa sabuwa, ya kama yatsanta ya ɗora a kai.

Ranar ba a karanta saƙon ba. Washegari ma ya dawo, don a cewarsa gam bai gama kamawa ba. Gam ɗin da ke bushewa kafin a gama gaisuwa! Ba a karanta ba. A rana ta uku, ana dab da rufe shiri, mai karatu ta ce Mannir daga Agadas yana sanar da Inna Saude a Kucheri cewa Murja ta sauka lafiya, an samu mace, uwa da ɗiya suna cikin ƙoshin lafiya. Hajara ta rangaɗa guɗa. Tsohuwa ta rungume rediyo tana hamdala, hawaye na zuba. Malam Labbo kuwa, da yake zaune dab da su, sai ya dubi wannan ya dubi waccan, ya ce, "Mi aka ce? Don Allah ku gaya mani, mi aka ce?"

A nan ne aka gane. Kunnensa ya daɗe da fara tafiya, bai gaya wa kowa ba. Ƙugi da murya sun fara zame masa abu ɗaya, da rawar lasifika a tafin hannu da abin da ya rubuta shekara da shekaru yake aiki. Hajara ta sunkuya ta faɗa masa da ƙarfi. Sai ya yi dariya, ya goge ido da hannun riga, ya hau kekensa ya nufi gida na goma.

Da na ji labarin nan kunya ta kama ni, wallahi. Watanni muna zuba masa surutu a rumfa, yana gyaɗa kai yana murmushi, ni da nake taƙama da kaifin kunne ban lura ba. Na tafi na same shi, na ɗaga murya na ce, "Haba Malam, me ya sa ba ka faɗa ba?" Ya ce, "In na faɗa za ku hana ni tahiya, su kuma wa ka zuwa musu?" Ya ƙara shekaru a haka, sai bana da likita a Gusau ya gaya masa ɗayan kunnen ma ya bi ɗan'uwansa.

Malam Labbo, na Saude mai gero biyu, mun gode. Ka kai wa mutane muryoyin da kai ba ka ji, ba ka taɓa nuna ka gaji ba. Allah ya saka maka da alheri, ya ba ka lafiya, ya sa ka ji kira mai daɗi ranar da kowa zai ji.

Ku kuma 'yan'uwana masu gardamar mita, na Gusau da Bungudu da ko'ina, ku duba unguwarku, akwai tsohon da tasha ta tashi ta bari. Ni dai makon jiya Malam Labbo ya miƙa mini littafin, da kwalbar gam, da gero cikin ƙullin leda. Na ce masa ban iya keke ba, gwiwa ta ƙi. Bai ji ni ba, ko kuwa ya ji ya share, ya buɗe shafin baya ya ɗora yatsa a kan suna na tara, na Inna Saude. Jikarta ta isa magana yanzu, an ce uban kan aiko da gaisuwarta a filin saƙonni. Ranar Lahadin ƙarshen watan nan tashoshi za su tashi, kuma na riga na gaya wa Alhaji Bashar ya zuba mai a motarsa, daga Kucheri za mu fara.