Ɗigon Jinin da Ya Wanke Luba Mai Kunu

Luba tana goye aka taso su daga ƙauyen da ruwan Tiga ya cinye. Da ta girma aure ya kai ta Ƙafin Maiyaki, ta kafa tukunyar kunun tsamiya a bakin kasuwa. Tana da faɗa, ba a musu, amma ludayinta ba ya rowa. Da kunun nan ta rufa wa marayunta asiri.

Ranar wata kasuwa Malam Wada, manomin tumatir, ya taso daga gona ya sha kofi guda, ya faɗi yana kumfa. Ana isa asibiti rai ya yi halinsa. Shi ke nan, bakin mutane ya fi gaban ɗinki: wai Luba ta zuba masa guba. Ko ƙuda ya daina sauka a tukunyarta.

'Yan sanda suka nemi a binciki gawa. Datti, yayan mamacin, ya ce atafau ba mai yanka ɗan'uwansa, kafin la'asar za a kai shi makwancinsa. Luba ta san in aka rufe shi haka, har da sunanta aka rufe.

Sai ga Hamdiyya, ma'aikaciyar ɗakin gwaji da aka turo daga Kano, ta durƙusa ta yi wa Datti gaisuwa.

"Baba, ba za a taɓa shi da wuƙa ba," in ji ta. "A da sai an yanki hanta, a jiƙa ta da kwalabe na sinadari mai cutarwa, a tuttular a kwata ya bi ruwa. Yanzu ɗigon jini ya isa. Gawayin ɓuntun shinkafa ne zai tsotso mana abin da ke ciki."

Datti ya ce, "Ɗiba, 'yar nan."

Ta ɗebi jinin, ta ɗebi cokalin kunu ma. Sakamako ya fito: kunu lafiya lau, jini kuwa cike da maganin feshi. Nan Datti ya tuna yadda marigayi kan sa baki ya busa bakin famfon feshi in ya toshe.

Luba ta yi kuka, ta sa wa Hamdiyya albarka har muryarta ta dushe. Washegari ta dama kunu tana fargaba. Kwanon farko da aka miƙo na Shamsiyya ne, matar Wada, ta aiko daga ɗakin takaba a cika mata.