Kwalba ta goma sha bakwai

Shekara ashirin da biyu Anti Tsaf-tsaf ta yi a ɗakin gwajin jini na cibiyar binciken ciwon sikila. Abokan aiki ne suka laƙaba mata sunan, don ko ɗigo ɗaya ba ya kuɓuce mata. A da su shida ne a dogon teburin, kowa da ɗan bututunsa yana ɗiga jini a kwalabe, baki kuwa ba ya hutawa: wane ya yi aure, wance ta yi ƙiba, shugaba ya sake rina furfura.

Sai aka kawo na'ura, ƙatuwa mai hannun ƙarfe, wadda ke gama aikin mutum shida kafin azahar. Aka watsa biyar zuwa wasu sassa, ita aka tura ta kwas ta dawo mai kula da na'urar. Wai ƙarin girma ne. Aikinta ta manna wa kowace kwalba takarda mai layi-layi da na'urar ke karantawa, ta jera, ta danna maɓalli, ta zauna. A gida ma shirun ne: maigidan ya rasu, 'yarta tilo tana aure can nesa. Kaɗaici ya ishe ta, takan wuni ba ta ji muryar kowa ba.

Mutum ɗaya ke leƙowa, injiniya, shi ma sai in na'urar ta tsaya. Ga shi da surutu kamar rediyo, yana kwance ƙusa yana ba ta labarin tagwayensa.

Wata uku na'urar ko tari ba ta yi ba. Ran nan Anti ta cika kwalba da ruwan famfo, don jinin mutane ba abin wasa ba ne, ta manna takardar a karkace da gangan, ta saka. Na'ura ta yi ƙara ta tsaya cak. Ta haɗa shayi kofi biyu a ɗakin hutu, sannan ta buga masa waya.

"Anti, ina kwana? Ai ba sai na zo ba," in ji shi. "Yanzu daga ofis nake ganin komai a kwamfuta. Kwalba ta goma sha bakwai ce, takardar ta karkace. Ke da kanki, Anti? Gyara ta kawai."

"To, ɗana. Ya tagwaye?"

"Lafiya lau. Ana kira na, sai an jima."

Ta cire kwalbar, ta danna maɓalli, hannun ƙarfe ya ci gaba da aikinsa. Ta koma ɗakin hutu ta shanye kofinta, sannan ta jawo nasa tun bai huce ba.