Layin da Baba Ɗigo Ya Riƙe a Ciki

Baba Ɗigo, Allah ya jiƙansa, ba shi da sauƙin zama, ko masu ƙaunarsa ba za su ɓoye maka ba. Shekara talatin da biyu ya yi a wani ƙaramin kamfani mai haɗa sikelin awo, ɗaki biyu a saman shagon taya, inda warin dalma da na roba ba sa barin hanci. Aikinsa ɗan gilashin da ke goshin sikelin ne. Shi ya rubuta wa na'urar umarnin da ke fito da lamba da hoton tambarin kamfani. Irin hoton nan ɗigo-ɗigo ake ajiye shi, layi bayan layi, shi kuwa sai ya kafa tabarau a karan hanci ya yi ta ƙirga, ya ce ɗaya ya kauce. Can sunan ya samo asali.

Da kansa ya kawo mijin 'yarsa, wanda kowa ke kira Injiniya, kamfanin, kuma tun satin farko jininsu bai haɗu ba. Da aka tashi yin sabon sikeli mai gilashi mai launi, Injiniya ya rubuta nasa ɓangaren da sabon yaren kwamfuta na C++, na Baba kuwa yana nan da tsohon C. Akwai manhajar da ake kira linka, ita ke ɗinke ɓangarorin su zama abu ɗaya. Ranar Litinin aka ba ta, ta ƙi. Ta ce ta nemi aikin Baba mai zana hoto, ba ta gan shi ba.

"Baba, da girmanka, rubutun nan ya girme ni," in ji Injiniya. "A bar shi ya huta mana."

"Ya girme ka, ya kuma fi ka sanin aiki."

Mai kamfani ya ce shi ba ruwansa da rigimar surukai. Masu saye za su zo ranar Alhamis. In hoto bai fito ba, za a zubar da ɓangaren Baba, Injiniya ya rubuta sabo. Bai ƙarasa ba, amma kowa ya san in aka zubar da rubutun, kujerar Baba ma ta tafi.

Baba kallo ɗaya ya yi wa saƙon linka ya gane ciwon. Sabon yaren yakan liƙa wa kowane suna jela, sai linka ta tafi neman suna mai jela, alhali na Baba tsirara suke. Layi ɗaya ne maganin, a ɓangaren Injiniya, a ce wa yaren ya bar sunayen nan yadda ya same su. Amma bai faɗa ba. So yake yaron nan mai kwalin digiri ya taso daga teburinsa ya tambaya. Kwana uku Injiniya na zufa, yana tsaki, yana gaya wa masu haɗa waya cewa tsohon rubutu ne ya ruɓe. 'Yar Baba ta kira uban har da kuka, ya ce ta tambayi mijinta, ai shi ya yi jami'a.

Masu saye suka zo, suka ga baƙin gilashi, suka sauka ba ko sallamar kirki. Mai kamfani ya ce a zubar. Sai Baba ya miƙe, ya ture kujerar Injiniya da gwiwa, ya buga layin da yatsa biyu. Linka ta karɓa. Hoto ya fito, amma kai a ƙasa, har Injiniya ya samu bakin dariya. Baba ko kallonsa bai yi ba, ya ce irin wannan hoton layin ƙasa ake fara ajiyewa, Injiniya kuma yana miƙo layukan daga sama. Ya juya lissafin, tambari ya tsaya kyam.

Mai kamfani ya tambaye shi tun yaushe ya san maganin. Da wani ne sai ya ce yanzu ya faɗo masa, amma Baba, bawan Allah, bai iya ƙarya ba.

"Tun Litinin."

A ranar aka sallame shi. Rubutunsa ya tsira, shi bai tsira ba. Ya koma gyaran rediyo a ƙofar gida, shekara uku, bai sake taka gidan 'yarsa ba in mijin yana nan. Ko sau ɗaya bai ce ya yi kuskure ba, sai dai duk shagon da ya shiga yakan tsaya gaban sikeli ya daɗe, har mai shago ya tsargu.

Da ciwo ya kwantar da shi, Injiniya ya zo asibiti ya durƙusa gefen gado. Baba bai amsa gaisuwar ba. Ya tambaya ko an cire layin nan.

"Yana nan, Baba."

"To, kar ka taɓa shi. Ba ka san kansa ba."

Ya juya fuskarsa bango. Kwana biyu bayan nan ya cika.